Tsibin Ƙaiƙayi a Bayan Sito

Surayya ce ta kawo dabarar. Ita ce mai haɗa sinadarai a wata ƙaramar masana'anta da ke Idu, inda ake yin ƙasan takalmi da tabarmin mota da ɗanyar robar da ake kawowa daga kudu. Ɗanyar roba ba ta ƙarko sai an cakuɗa ta da wata baƙar hoda ta ƙasar waje. Surayya ta ƙone ƙaiƙayin shinkafa, ta niƙe tokar, ta maye gurbin wani kaso na hodar da ita. Robar ta fito da ƙarfi.

Oga Abraham, mai masana'antar, ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya sa direbansa Manniru ya riƙa bin injinan casar shinkafa yana kwaso ƙaiƙayi. Tanderun ƙona shi ƙarami ne, kaya kuwa ba su daina zuwa ba. Kafin damina ta yi nisa, tsibin da ke jingine da bangon sito ya kai rufin kwano. Ruwa ya dake shi, aka rufe shi da tamfol.

Wata safiya Surayya ta ji wani wari kamar tuwon da ya kama. Ta zagaya baya. Sama a lumshe take, iska da sanyi, amma wani siririn tururi na fita ta gefen tamfol ɗin. Ɓerayen da suka addabi wurin, ko ɗaya babu.

Ta kira Manniru ya soka rodi cikin tsibin. Da ya zaro, ya kai hannu, sai ya yar da shi yana yarfe yatsu.

"Madam, wuta ce a ciki?"

"Jiƙaƙƙen ƙaiƙayi ne ya yi zafi da kansa. Kada kowa ya yaye tamfol ɗin. Iska na shiga, shi ke nan."

Ta shiga sito ta dafa bango. Ya yi ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi, ga ɗanyar roba jibge har sama. Ta kira Oga Abraham, wanda ya tafi Dei-Dei sayen kwanon rufi.

"Haba Surayya, ruwa ya sauka jiya fa. Yaya abu mai ruwa zai kama wuta? Bari sai na dawo."

Ba ta jira ba. Ta tsayar da injuna, ta kira 'yan kwana-kwana, ta sa ma'aikata kwashe robar zuwa bakin titi. Daga bayan bangon ana jin wata ƙaramar ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana taka busasshen ganye.

Da 'yan kwana-kwana suka buɗe gefen tsibin, cikinsa jawur yake, wani kogo na garwashi da mutum zai iya tsayawa a ciki. Wutar ta yi tsalle ta lashe rufin siton kafin ruwa ya ci ƙarfinta.

Surayya na zaune a kan roba tana tari, Manniru ya zo ya tsuguna gabanta. Fuskarsa ta canza.

"Madam, akwai wani. Da nan ya cika, oga ya ce in riƙa saukewa a filinsa na Masaka. Ya fi wannan girma. Kuma gidaje ne kewaye da shi."

Suka nufi Masaka, amma cunkoson hanyar Keffi ya riƙe su har bayan azahar. Sun tarar da mata sun shanya wanki a kan tamfol ɗin da aka rufe tsibin da shi, wai ya fi saurin bushewa a nan. Wata tsohuwa mai suna Rosemary ta ce kwana biyu awakinta sun ƙi kwanciya a wajen.

Suka bi gida-gida suna fitar da mutane. Wannan tsibin bai yi harshe ba. Ya ci kansa a hankali, ruwan kwana-kwana bai kai zuciyarsa ba, ya yi ta hayaƙi har ƙarshen damina. Babu wanda ya mutu, amma jariran unguwar sun daɗe suna tari, iyalai da dama suka tashi.

Oga Abraham ya sayar da filin. Wanda ya saya ya zo haƙa harsashi, lebura ya caka shebur, sai ƙasar ta busa masa zafi a fuska.