Taron Labaran a Mazaɓa ta Goma

A zaɓen 2012 ne Faransa ta fara ba 'ya'yanta mazauna ƙetare kujeru a majalisar wakilai. Ta yanka duniya gida goma sha ɗaya, kowane yanki kujera ɗaya. Yanki na goma ya kwaso ƙasashe kusan hamsin, daga Afirka ta Kudu har Lebanon, ya haɗa da Dubai. Ta haka Labaran, mai kula da wani sito a Dubai Investments Park, ya wayi gari suna da ɗan majalisa ɗaya da wani likita a Madagaska wanda ba za su taɓa haɗuwa ba.

Labaran Badamagare ne. Mahaifinsa ya yi wa Faransa soja, ya yi dako a tashar jiragen ruwan Marseille har ya samu takardun ƙasa, sannan ya komo gida da tari. Da ya rasu, ƙanin Labaran ya gaji gona, shi kuma ya gaji Faransa. Sau biyu ya taka ƙasar, kwana goma sha tara idan an haɗa.

Amma bai taɓa fashin zaɓe ba. A 2012 ya zaɓi wani mai gashin baki irin na mahaifinsa, mutumin ya faɗi. A 2017 ya zaɓi wata mata da ta ambaci Afirka a takardar alkawuranta, ta faɗi. A 2022 ya yi istihara, wanda ya zaɓa ya faɗi tun zagayen farko. Mafi yawan masu rajista a mazaɓar ba sa ko fita, waɗanda suka damu kuma sukan danna waya daga ɗaki idan an ba da dama. Shi kuwa sai ya sa babbar riga, ya hau jirgin ƙasa daga unguwar Al Qusais, ya je ya tsaya a layi. A ganinsa ƙuri'ar da ba a ga mai ita ba asara ce.

Matarsa Barira tana zuwa wankin ƙoda sau uku a mako, Litinin da Laraba da Juma'a, awa huɗu a jikin inji. Inshorar kamfaninsa ce ke ɗauke da ita. Shekarunsa hamsin da tara, kamfanin kuma ba ya sabunta wa kowa kwantiragi bayan sittin. Saura wata goma sha ɗaya ke nan. Dabarar da ya yi ita ce su koma Faransa, inda yake da haƙƙin zama. Matsalar ɗaya ce. A wurin Faransa shi gwauro ne. An ɗaura aurensu a Damagaram shekara ashirin da bakwai da suka wuce, gaban liman da shaidu da buhun goro, bai taɓa ganin dalilin kai wa Nasara labari ba. Sai a 2023 ya haɗa takardu ya aika Yamai. Bayan wata biyu sojoji suka yi juyin mulki, daga baya ofishin jakadancin Faransa ya rufe, ya rasa ƙofar da zai buga.

A watan Yunin 2024 aka rushe majalisar Faransa, aka sa zaɓe cikin mako uku. Saƙo ya shigo wayarsa daga wani ɗan takara, tsohon malamin makaranta mazaunin Nairobi, cewa zai zo Dubai ranar Asabar kuma yana son shan gahawa da masu zaɓe. Labaran ya kai wayar Murshid Bazaar, shagon amininsa Gidaɗo, Bakano mai aika atamfa da takalma gida a kwantena.

Gidaɗo ya duba hoton mutumin. "Wannan mai gilashin? Kamar bai ci abinci ba."

"Idan ya zama depite, ya shiga majalisa, waya ɗaya zai buga a nemo dosiyen takardun Barira."

"To, Bafaranshe, yaya za ka je masa?"

"In je in gaishe shi, in ba shi takardun."

"Kai kaɗai?" Gidaɗo ya ajiye almakashin da yake yanka igiya da shi. "Shi ya sa muka ce ku Damagarawa sai an riƙe muku hannu. Ɗan siyasa ba ya ganin mutum ɗaya. Zai ba ka hannu, ya karɓi takardarka, ya goge gilashi da ita. Na yi wa mutum uku yaƙin zaɓe a Fagge, na san abin da nake faɗa. Ka tara masa jama'a. Ranar da ya hau kujera, fuskarka ce za ta fara zuwar masa."

"Su nasu tsarin daban ne."

"Kujera kujera ce, habibi. Ka taɓa ganin wanda aka yi wa tafi ya ji haushi?"

Labaran bai taɓa gani ba.

Ya rubuta wa ɗan takarar cewa al'ummar Afirka ta Dubai na gayyatarsa. Wurin taro bai zama matsala ba, tunda makullin sito na hannunsa, kuma Asabar da yamma ba a aiki. Gidaɗo ya ɗauki nauyin manyan motoci biyu na ɗauko jama'a, ya sa aka buga huluna tamanin a unguwar Deira da fuskar mutumin a goshi.

Barira tana kwance a kan doguwar kujera ranar Juma'a, hannunta ɗaure da bandeji bayan wanki, lokacin da ya nuna mata hular.

"Baban Kamila, a garin nan ka taɓa ganin an yi gangamin siyasa?"

"Ba gangami ba ne. Tarbar baƙo ce."

"Da fuskarsa a hula."

"Cikin sito ne, ƙofa a rufe. Wa zai gani?"

"Kanawa tamanin za ka tara, kowa da waya a hannu, kana tambayata wa zai gani." Ta juya masa baya a hankali saboda hannun. "Ka je kai kaɗai, ka ba shi takardar, ka dawo."

Ya ce zai duba. Motocin an riga an kama su.

Ɗan takarar ya iso a tasi bayan la'asar, shi ɗaya, da jaka a kafaɗa da 'yan takardu kamar talatin. Zafin ranar ya wuce arba'in da huɗu. Da aka ɗaga ƙofar siton ya tarar da mutum tamanin da 'yan kai tsakanin tulin kwalayen firiji, 'yan kasuwa da 'yan dako da wasu Sakkwatawa da suka zo sayen waya aka ce musu akwai shinkafa. Kowa da fuskar ɗan takarar a goshi. Wani ya kifa bokiti yana kiɗa. Gidaɗo ya ɗaga hannu, sito ya amsa da “Sai Mai Gilashi”, tunda ba wanda ya iya faɗin sunansa.

Mutumin ya tsaya a bakin ƙofa. A Abu Dhabi mutum shida ya samu, biyu daga ciki ma'aikatan otal ne. Idonsa ya kawo ruwa. Ya hau kan katakon da ake ɗora kaya ya yi jawabin minti ashirin da Faransanci a kan kuɗin makarantun Faransa na ƙetare da harajin gidajen da aka bari a gida. Duk inda ya numfasa sai a yi tafi. Gidaɗo ya raɗa wa Labaran cewa mutumin ya iya magana, me yake cewa?

Bayan an raba shinkafa Labaran ya ja shi ƙaramin ofishinsa, ya kunna masa na'urar sanyi. Ɗan takarar ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Ban san muna da jama'a haka a nan ba. Nawa ne suka yi rajista a cikinsu?"

"Ni."

"Ban da kai?"

"Ni ɗin dai. Sauran 'yan Najeriya ne, da 'yan Nijar kaɗan. Amma duk suna tare da kai."

Mutumin ya saki hannun, ya zauna. Ya daɗe yana kallon hular da ke kan tebur. Ba mugu ba ne, don da Labaran ya miƙa masa takardun ya karanta su har ƙarshe, ya tambayi sunan cutar da shekarun Barira. Sannan ya yi abin da Gidaɗo bai taɓa gani a Fagge ba, ya faɗi gaskiya. Ya ce ɗan majalisa ba ya sa hannu a takardar aure, iyakarsa ya rubuta wasiƙa ya tambaya. Ya ce Nijar ma ba ta cikin mazaɓa ta goma, tana ta tara. Ya ce shi kansa bai sa ran cin zaɓe ba, ya tsaya ne don a ji maganar makarantu. Ya rubuta masa adireshin wani ofishi a Faransa da wata ƙungiyar lauyoyi masu taimako kyauta, ya ce abin yakan ɗauki shekara, wani lokaci fiye.

A bakin tasi ya juyo. "Kun nemi izinin wannan taron?"

Labaran ya ce tarbar baƙo ce.

Kafin magariba hoton bidiyon ya zaga wayoyin Deira, ya kai Kano, ya dawo. An ga hulunan, an ji kiɗan, kuma a bayan ɗan takarar an ga sunan kamfanin da manyan haruffa a bango. Ranar Litinin da safe, Barira na jikin inji, manaja ya kira Labaran. Shekara goma sha shida suna aiki tare, manajan ya san matar, ya taɓa kai mata dabino asibiti. Ya juyo masa da fuskar kwamfuta.

"Wannan sitonmu ne?"

"Namu ne."

"Ka san ƙasar da muke ciki, ba a taron siyasa. Ba na jiran a zo a tambaye ni. Masu kamfani sun ce a sallame ka kafin azahar." Ya tura masa takarda. "Na roƙa maka inshorar ta kai ƙarshen Yuli. Fiye da haka ba a hannuna yake ba. Khalas, Labaran, shi ke nan."

Wata goma sha ɗaya suka koma mako biyar. Iƙamar Barira, wato izinin zamanta a ƙasar, a kan tasa take, tasa kuma a kan aikin.

Gidaɗo ya zo gidan da yamma, ya tsaya a ƙofa bai cire takalmi ba. Ya ce zai yi magana da wani Alhaji mai kamfanin kago na jigilar kaya ko zai ɗauki Labaran aiki, ya ce a Kano ma akwai injin, ya san wani likita. Barira ta amsa gaisuwarsa, ta tambayi iyali, ba ta ce ya shigo ba. Alhajin kagon ya ga bidiyon, ya ce a ba shi lokaci.

Ranar zaɓe Labaran ya je ya jefa wa Mai Gilashi ƙuri'a, don ya riga ya yi masa alkawari. Mutumin bai kai zagaye na biyu ba. Duk da haka ya rubuta wa ofishin nan na Faransa wasiƙa a kan takardun Barira, ya aiko da kwafi. Ofishin ya amsa cewa an karɓa, za a duba.

A makon ƙarshe na Yuli Labaran ya zauna kusa da gadon Barira a ɗakin wanki. Jininta na fita ta wannan roba yana komawa ta waccan. 'Yarsu Kamila ta kira daga Yamai, ta ce ta sa sunan uwar a asibiti, akwai mutane a gaba, ba a faɗa mata ko nawa ba.

"Zan iya wucewa Faransa ni kaɗai," in ji shi. "In bi takardun da ƙafata. Wataƙila a gaban mutum su fi sauri."

"Ka bar ni a layi da Kamila da cikinta wata takwas?"

Ya mayar da ido kan injin.

"Laraba ce ta ƙarshe a nan," ta ce. "Ka yankar mana tikitin Yamai na ranar Alhamis. Idan aka wanke ni Laraba, na rage shan ruwa, zan kai Lahadi. Na taɓa kaiwa."

"Bayan Lahadi fa?"

Ta kira ma'aikaciyar jinya, ta roƙe ta ta rubuta mata sunayen magungunanta duka a takarda ɗaya, da manyan baƙi, yadda kowa zai iya karantawa.