Amo da Ado

A shekarar da aka gama yaƙin basasa, Tabita tana ajin ƙarshe a wata makarantar horon malamai mata a Kontagora. 'Yar wani ƙauye ce a bayan Nasko, iyayenta Kambari ne manoman dawa, Hausarta ma sai da ta zo makaranta ta miƙe sosai. Abin da aka san ta da shi kunne ne. In aka sa waƙa sau ɗaya a rediyon ɗakin cin abinci, kafin a gama wanke kwanuka ta haddace ta, har da inda mawaƙin ya ja numfashi. Ita ke ba da waƙa a coci ran Lahadi, ita kuma ƙawayenta Musulmi ke nema in za a yi gaɗa ran Asabar da yamma.

Malama Naomi, mai koya musu Hausa da zane, ita ta kawo maganar mujalla. Ta raba ajin rukuni-rukuni, ta ce, "Kafin ku fita koyar da 'ya'yan mutane, ina so in ga abin da za ku haɗa da hannunku, tun daga tunani har takarda. Kowane rukuni ya yi mujalla guda."

Su Tabita su uku ne. Akwai Hafsatu, 'yar cikin gari, mai baki da son shugabanci, sai Ruka, wadda ta iya tafireta domin babanta akawu ne. Sauran rukunoni suka ɗauki noma da tsabtar gida. Hafsatu ta ce sam.

"Sojoji sun dawo da faya-fayan garmaho, 'yan mata sun rage wa siket tsawo, wa zai zauna karanta labarin taki? Kiɗa za mu yi, da kwalliya."

Kwana uku suna gardamar suna. Daga ƙarshe Ruka, da ba ta cika magana ba, ta ce a sa mata Amo da Ado, aka tsaya a nan. Suka naɗe fallayen takarda huɗu gida biyu, ya ba su shafi goma sha shida, suka bi kowane shafi da fensir suna rubuta abin da zai shiga. Rabin farko na kiɗa ne, na Tabita. Rabi na biyu na ɗinki da ɗaurin ɗankwali da kitso, na Hafsatu. Ruka za ta buga komai a kan sitensil, wato takardar nan mai laushi kamar kaki wadda ake ɗaura wa injin ofis a murza, kwafi ya yi ta fitowa.

Tsakiyar mujallar Tabita ta keɓe wa Maikano, wani dattijo mai kukuma da ke zama a bakin tasha yana yi wa direbobi waƙa. Malama ta ba su izinin fita, suka same shi a inuwar rumfa. Ya yi dariya da ya ji wai za a sa shi a takarda.

"Ni da ban san bihim ba? To, 'yata, rubuta. Amma in kin yi mini kuskure zan ji labari."

Ya goga kukumarsa ya ja waƙar direban Yawuri, doguwa ce, baiti ya fi ashirin. Tabita ta rubuta goma sha ɗaya kafin wata mota ta cika, yaran mota suka kira shi. Ya ce su dawo bayan Juma'a ya ƙarasa musu. A hanyar komawa ta rera wa su Hafsatu duka sha ɗayan, tana kwaikwayon muryarsa, har wata mai tallan gyaɗa ta tsaya tana kallonsu.

Ba ta kai Juma'ar ba. Bazara ce, zafi ya yi tsanani, sanƙarau kuma ya shigo gari. Ran Laraba ta tashi da ciwon kai, kafin azahar wuyanta ya ƙi lanƙwasuwa, haske ma ba ta son gani. Abin da ta iya tunawa na ƙarshe shi ne ana ɗora ta a bayan motar makaranta, Hafsatu na riƙe da takalmanta.

Kwana tara ta yi ba ta san inda take ba. Ranar da ta farka, ta ga babanta zaune a ƙasa kusa da gadon asibiti, hularsa a gwiwa. Ta ga bakinsa yana motsi. Ta ɗauka addu'a yake yi a zuci. Sai wata nas ta zo wucewa, tasar ƙarfe ta kuɓuce mata ta faɗi a siminti, ta yi ta juyawa. Kowa a ɗakin ya waiga. Tabita ta kalli tasar har ta tsaya, ba ta ji ƙararta ba.

Likita ya duba ta, ya tafa hannu a bayan kanta, ya yi wa baban bayani mai tsawo. Baban ya share fuska da hula. Ita dai ba ta yi kuka ba. Ta jira kukan ya zo, bai zo ba. Abin da take ji kawai yunwa ce, da ƙaiƙayin inda aka yi ta yi mata allura.

Mako shida ta yi a ƙauye. Mata suna shigowa gaisuwa, su buɗe baki sosai suna yi mata ihu, ta ce musu "Yauwa, na gode." Innarta ta ɗiga mata man shanu mai ɗumi a kunne, wani tsoho ya kawo saiwa aka jiƙa. Duk abin da aka ba ta ta karɓa. Da ƙarfinta ya dawo, baban ya zana mota a ƙasa da tsinke, ya nuna ta, ya ɗaga gira. Ta gane tambayar, ta ce za ta koma.

Hafsatu ta tare ta a bakin ɗakin kwana, ta rungume ta tana kuka. Tabita ta tsaya a cikin rungumar tana kallon igiyar shanya, tana jira a gama. Daga nan Hafsatu ta kawo wani ƙaramin littafi da ta ɗaura wa fensir da zare. A shafin farko ta rubuta: "Ƙawata, mun jira ki. Ba mu buga komai ba."

Washegari suka zauna da Malama Naomi a ɗakin zane. Su uku suka yi ta magana, hannun Hafsatu na tashi yana sauka, Ruka na kallon ƙasa. Tabita ta ga sunanta a leɓunansu sau da yawa. Can Malama ta jawo littafin ta rubuta a hankali: "Hafsatu za ta karɓi shafukan kiɗa. Ke ki karɓi na ado, tunda hannunki ya fi nata zane. Kin yarda?"

"To, Malama," in ji Tabita.

Malama ta ƙara rubutawa: "In ba ki so, ki faɗa."

"Ba komai, Malama."

Da gaske take. Ta duba zuciyarta ta ga ba so ba ƙi, kamar an tambaye ta wane cokali za ta ci abinci da shi.

Hafsatu ta nace sai sun je wurin Maikano tare, wai ita ba ta san inda aka tsaya ba. Dattijon ya riga ya ji labari. Ya tashi ya ba Tabita tabarmarsa, abin da bai yi ba wancan karon. Ya fara kiɗa, Hafsatu na rubutu da sauri tana tsayar da shi. Tabita ta kalli yatsunsa suna hawa suna sauka a kan tsirkiya, ta kalli jijiyar wuyansa, ta lura haƙoransa biyu na ƙasa babu. Da can ba ta taɓa lura ba. Da ya gama sai ya kamo hannunta ya ɗora a jikin ƙoƙon kukumar, ya goga da ƙarfi, yana kallon idonta. Ta ji wata 'yar karkarwa a tafin hannu, irin wadda ake ji in an jingina da mota tana aiki.

Ya tambaye ta da ido.

"Na ji, Baba," ta ce.

Fuskarsa ta washe, ya juya yana gaya wa direbobi. Ita kuwa ta goge hannunta a zane, domin ƙoƙon duk gumi ne.

Aikin ado ya kai ta shagon Iyatu, wata tela a bayan kasuwa, ƙanwar mahaifiyar Hafsatu. Iyatu ba ta iya rubutu ba, ba ta kuma yi mata ihu. In tana son nuna mata abu sai ta ja ta a haɓar riga, ta shimfiɗa atamfa, ta nuna da almakashi. Tabita ta zauna a kan benci kwana da kwanaki tana zanawa: bulawus mai hannun tulu, siket mai tattara, riga mai wuyan kwale-kwale da matan barikin soja suka zo da ita, ɗaurin ɗankwali iri biyar, kowanne daga gaba da baya. Ta zana kitson Kambari na garinsu ma, ba don wani dalili ba sai don shafi na goma sha huɗu ya rage fili. Iyatu ta daɗe tana kallon wannan.

Zane a kan sitensil aiki ne na haƙuri. Da wani tsinken ƙarfe ake bi, in an danna da yawa ya yage, in an sassauta tawada ba za ta ratsa ba. Inda aka yi kuskure sai a shafa jan farce a bari ya bushe. Tabita takan wuni a kai. Ba abin da ke ɗauke mata hankali, ko ƙararrawar abinci sai Ruka ta taɓa kafaɗarta.

Ran da Ruka ta gama buga waƙar Maikano ta kawo mata shafin don ta yi masa ado a gefe. Tabita ta karanta. A baiti na bakwai Hafsatu ta sauya wani layi, ta sa "direba tsaya" inda Maikano ya ce "direba sassauta".

"Ba haka ba ne," ta ce. "Sassauta ne. In kin sa tsaya, kiɗan ba zai cika ba."

Hafsatu ta girgiza kai, ta rubuta: "Haka na ji ya faɗa."

"Saurara ki ji."

Ta ajiye tsinken, ta rera baitin. A cikin kanta waƙar tana nan daram, da kukumar da komai. Ta kai rabi ta ɗaga ido. Ruka ta sunkuyar da kai tana wasa da maɓallin tafireta. Hafsatu ta kafe murmushi a fuska, idonta ya cika. 'Yan wani rukuni da ke ɗaya gefen ɗakin sun juyo gaba ɗaya, wata ta rufe baki da littafi. Tabita ta katse waƙar.

"Yaya ta fita?" ta tambaya.

Hafsatu ta rubuta: "Da kyau."

Tabita ta miƙa wa Ruka littafin. Ruka ta riƙe fensir ta daɗe, sannan ta rubuta: "Da ƙarfi sosai. Kuma muryar tana zamewa."

"To," in ji Tabita. "Amma sassauta ne."

Ruka ta ɗauko jan farce ta shafe kalmar. Ran Lahadi da aka tashi waƙa a coci, Tabita ta miƙe tare da kowa, ta riƙe littafin, bakinta a rufe.

An murza mujallar a ofishin makaranta ana saura mako biyu jarrabawa, kwafi sittin. Tawada ta yi yawa a bango, fuskar matar da ta zana ta yi duhu, amma shafukan ciki sun fita tas. Suka jera su a kan tebur, suka ɗinke tsakiya da zare da allura. Kafin la'asar an wawashe. 'Yan mata suka yi ta gwada ɗaurin ɗankwali na uku a gaban tagar gilashi. Malama Naomi ta ba rukuninsu maki mafi yawa, ta rubuta wa Tabita cewa zanenta ya fi na wasu littattafan da ake kawowa daga Zariya. Tabita ta karanta, ta gode, ta sa nata kwafin a ƙasan akwati.

Bayan jarrabawa shugabar makaranta ta kira ta, Malama Naomi na zaune a gefe. An riga an rubuta maganar a takarda. Ta ci jarrabawar rubutu, amma ba za a iya tura ta aji ba, domin malamar da ba ta jin amsar yara ba ta da yadda za ta yi da su. Za a ba ta takardar shaidar kammala karatu. Shugabar ta bi ta da ido, kamar tana jiran gardama. Tabita ta naɗe takardar gida huɗu, ta tambaya ko za ta mayar da bargon makaranta yau ne ko gobe.

Aka tura Hafsatu wata firamare a cikin gari, Ruka kuma Zugurma. Baban Tabita ya zo ɗaukar ta, sai ga Iyatu ta biyo Hafsatu har bakin ƙofar makaranta. Ta durƙusa ta gaishe shi, suka daɗe suna magana. Hafsatu ta rubuta mata taƙaitawa: "Inna ta ce mata suna zuwa da mujallar suna cewa a ɗinka musu irin wannan. Tana so ki zauna wurinta ki koyi yanka. Akwai ɗaki. Baba ya ce sai abin da kika ce."

Tabita ta kalli babanta. Ya tsufa a 'yan watannin nan, ga damina ta kama, tunaninsa na gona.

"Zan zauna, Baba," ta ce da yarensu.

Ya ɗauki akwatin a ka ya kai mata har shagon, ya sha ruwa, ya kama hanyar tasha. Iyatu ba ta bar ta ta zauna ba. Ta shimfiɗa wani tsohon buhun gari a kan tebur, ta ja layi da alli, ta miƙa mata almakashi. Tabita ta yanka, ya karkace. Iyatu ta juya buhun, ta sake jan wani layin.