Jirgi na Uku

Ranar Lahadi bayan azahar, 'yata Firdaoussi ta ture kwanon shinkafa gefe, ta buɗe kwamfuta a kan teburinmu na cin abinci, ta ce yau sai mun zaɓi jirgin ruwa.

Tikitin jirgin sama tuni ta saya. Ni da mahaifiyarta Zeinabou mun cika shekara ashirin da takwas da aure, abin da ban sani ba sai da aka faɗa mini, yarinya kuwa ta yanke cewa ladan wannan haƙuri shi ne kwana biyar a wani tsibiri da ake kira Sen Tomas, ita da mijinta Latif su raka mu. Ni mutumin Maraɗi ne. Ruwan da na girma da shi gulbi ne mai ƙafewa rabin shekara. Tun da na zo New York tafiyata ba ta wuce daga gidanmu na Highbridge zuwa shagona na turare da jallabiya a Harlem ba. Amma 'yar fari ce, ma'aikaciyar jinya, ba na ma iya kiran sunanta, sai dai na ce Likita. Wanda ba ka iya kiran sunansa, musu da shi wuya gare shi.

Kafin na yarda da tafiyar sai da na laɓaɓa wurin lauyana. Ya ce tsibirin ƙasar Amurka ne, na je da katina, na shirya amsa tambayoyi a filin jirgi. Sai ya cire tabarau ya ce abu ɗaya kawai: kada ƙafata ta taka ƙasar da ba ta Amurka ba, ko na minti biyar. In na taka, shari'ata ta neman izinin zama ta mutu, ƙofa kuma ta rufe a bayana.

Domin ni ba ni da girin kad, katin zaman dindindin a Amurka. Yarana sun san ina da shi, masallacinmu ya san ina da shi, Maraɗi gaba ɗaya ta san ina da shi. Shekara goma sha shida da suka wuce wani kati ya zo ta gidan waya da hotona a jiki. Na ruga da shi wurin maƙwabcina Ishawu, mutumin zangon Kumasi, wanda a lokacin shi ne malamin Turancinmu. Ya juya shi gaba da baya, ya rungume ni, ya ce Alkasim, an gama. Ranar Asabar na sa aka yanka raguna biyu, liman ya yi addu'a, na buga waya gida aka yi guɗa. Ranar Litinin lauya ya duba ya ce izinin aiki ne kawai, wanda ake sabuntawa, shari'a tana nan inda take. To nama an riga an ci. Na ce zan gyara maganar idan na gaskiyan ya fito, wata shida ko shekara. Kotu ta ɗage, ta sake ɗagewa, alƙali ya yi ritaya, wani ya zo ya ɗage. Zeinabou kaɗai ta sani, tunda sunanta yana cikin takardun tare da nawa.

Jirage uku Likita ta nuna mana. Na farko mai gindin gilashi ne, yana zagaya bakin tsibirin awa biyu, a hoton duk tsofaffin Turawa ne da jikoki. Na biyu na masu nutso ne, su sa bututu a baki su kalli kifi. Na uku ta bari a ƙarshe, yadda nake ɓoye turaren kirki sai mai saye ya gaji da na banza. Farin jirgi, yini guda, ya kai ku wani tsibiri mai manyan duwatsu kamar gidaje, ruwa kore yana ratsa tsakaninsu.

Latif, wanda ke aiki a ofishin jakadancin Najeriya kuma yake son bayani fiye da abinci, ya ƙara da cewa abin daɗin ma shi ne wancan tsibirin na Ingila ne. Za a buga mana hatimi a fasfo, mu shiga wata ƙasa mu dawo kafin magariba.

Zeinabou ta ajiye cokali. Ba ta kalle ni ba, ta kalli bango, wanda ya fi muni.

Na ce ai na farkon nan ya yi mini kyau. Likita ta yi dariya ta ce wannan na masu sanda ne. Ta riga ta danna na uku, kujeru huɗu suka rage a ranar, shafin kuma ya riƙe mana su na minti goma sha biyar. A kusurwar allon wani ƙaramin agogo ya fara cin lokacin da baya.

Na fara da addini, tunda nan na fi ƙarfi. Na ce irin jiragen nan giya ake sha a ciki. Latif ya ce ya bincika, Baba, wannan na iyali ne, lemo da ruwan kwakwa. Na ce azahar da la'asar fa, a tsakiyar teku mutum ya san gabas? Ya fito da waya ya nuna mini allurar alƙibla, har ya fara kawo mini hukuncin sallar matafiyi. Na ce matan can ba sa sa kaya. Zeinabou ta ce, ba tare da ta juyo ba, ai na Harlem ma a watan Yuli ba su hana ni buɗe shago ba. Ban san ɓangaren da take ba. Ina jin ita ma ba ta sani ba.

Minti goma sha ɗaya.

Na koma kan lafiya. Na ce jiri nake yi a ruwa. Likita ta ce yaushe na taɓa shiga ruwa da zan sani, kuma akwai ƙwayar da za ta ba ni. Na ce hawan jini. Ta ce ita ke auna ni duk mako, jinina ya fi nata kyau. Wannan ce illar sa yaro a makaranta.

Ta cika sunanta da na mijinta. Ta cika namu, ta rubuta Alkasim daidai ba tare da ta tambaya ba. Sannan ta gangara ƙasa, ta karanta wani layi da ɗan yatsa.

"Baba, kawo fasfo ɗinku. Da girin kad ɗin, suna son lambar saboda dawowa."

Na ce bon, wato to a Faransance, na tashi. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na tsaya gaban durowa kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa. Ambulan ɗin yana ƙarƙashin hulunana. Na zaro shi na riƙe. Ta taga ina jin jirgin ƙasa yana wucewa a kan gadarsa ta sama, na yi fatan ina cikinsa, ko ina za shi.

Na yi tunanin na ce katin ya ɓace. Sai dai Latif zai san fom ɗin da ake cikewa a sami wani, ya kuma cika mini da hannunsa. Na yi tunanin na bar ta ta biya, ranar tafiya na kwanta ciwon ciki a otal. Zeinabou fa, mu biyu za mu yi ciwon cikin? Har na yi tunanin na shiga jirgin kawai na dogara ga Allah, na ga kaina a kan wani dutse a ƙasar Ingila da gajeren wando, ina kallon Amurka daga nesa, shagona a kulle, ɗana Ismaël yana jami'a ba mai biya masa komai. Wannan tunanin bai daɗe ba.

Zeinabou ta shigo ta mayar da ƙofa. Ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baban Ismaël, ka faɗa mata."

"Gaban surukina?"

"Shekara goma sha shida kana neman ranar da babu kowa. Ni na gaji. In ba ka faɗa ba, ni zan fita na faɗa."

Na ce ta ba ni zuwa gobe. Ta ce agogon yarinya bai san gobe ba. Daga falo Likita ta ɗaga murya ta ce saura minti biyar, ko sai ta zo ta taya mu nema.

Na fita da ambulan ɗin. Daga ƙofar ɗaki zuwa tebur taku bakwai ne, na sani domin ni na shimfiɗa ledar. Na ajiye fasfo biyu. Na zaro katina na ɗora a kai, hoton yana sama, wani mutum mai furfura da ya yi kama da wanda aka kama da akuyar mutane.

Latif ya gane kafin ita. Aikinsa ke nan, takardu, daga launin kawai ya sani. Na ga idonsa ya sauka a kan katin ya tashi da sauri. Ya shafa aljihu, ya ce shi kam bai yarda da inda ya ajiye mota ba, kusa da famfon 'yan kwana-kwana ne, bari ya duba. Ya sa takalmi a tsaye ya fita. A gareji ya ajiye motar, tare muka shigo. Ban taɓa son yaron nan kamar ranar ba.

Likita ta ɗauki katin tana neman lamba. Ta karanta saman. Ta juya bayan. Ta sake karanta saman, leɓenta yana motsi. A asibitinsu tana ganin irinsa kullum.

Ta ce wannan izinin aiki ne, ina ɗayan. Na ce babu ɗayan. Ta ce ya ƙare ne ana sabuntawa? Na ce bai taɓa zuwa ba. Na ba ta labarin a tsaye, Ishawu da lauya da alƙalin da ya yi ritaya, na yi ƙoƙarin sa abin dariya a ciki yadda na saba. Ba ta yi dariya ba. Ta kalli uwarta, uwar ta gyaɗa kai ta ce ita ma haka.

Yarinyar nan da Turanci take amsa mini tun tana aji ɗaya. Wannan karon da Hausa ta yi tambayar, a hankali, tana zaɓen kalmomi.

"Lokacin da Kaka ta rasu, ka ce shago ne ya hana ka zuwa."

"Haka na ce."

"Na yi shekara biyu ina jin haushinka. Na faɗa wa ƙawayena babana ya zaɓi turare a kan uwarsa."

Na gyara zaman fasfo ɗin a kan tebur, duk da ba su karkace ba.

Ta ce shekararta ashirin da shida. An haife ta a asibitin da ke ƙasan tudun nan. Tun ranar da ta cika ashirin da ɗaya take da ikon cika mana takardar neman girin kad a matsayin iyayenta, ko lauyan bai taɓa faɗa mini ba? Na ce ya faɗa. Sau nawa? Na ce duk shekara. Ta ce to me ya hana?

Na ce, "Uba ba ya zuwa wurin 'yarsa ta fari ya ce ki rufa mini asiri."

Ta dube ni yadda take duban majinyacin da ya ɓoye ƙwayoyinsa a ƙarƙashin matashi. Agogon allon ya kai sifili, wani akwati ya fito yana ba da haƙuri cewa an saki kujerunmu. Ba wanda ya taɓa shi.

Ta koma baya ta danna mai gindin gilashi, ta cika kujeru huɗu ba tare da ta tambayi ra'ayin kowa ba. Shafin bai nemi lambar komai ba. Ta rufe kwamfutar. Ta ɗauki hoton katina gaba da baya, ta ɗauki na uwarta, ta sa na karanto mata lambar wayar lauya, na karanto kamar ɗan makaranta. Sannan ta juya wurin Zeinabou, ba wurina ba, ta ce ranar Talata ba ta da aiki, ƙarfe tara za ta zo ta ɗauke mu zuwa wurin lauya, a fito da kowace takarda da ke cikin gidan nan, har wadda ake jin kunyarta.

Ta sa takalmi. A bakin ƙofa ta ɗan rusuna ta ce sai an jima, Baba, idonta a kan ledar.

Na tsaya a taga. Bayan ɗan lokaci motarsu ta fito daga gareji ta tsaya a bakin titi, fitilar juyawa tana ƙiftawa. Hanya a buɗe take, babu mota ko ɗaya, amma ba su tafi ba. Zeinabou ta zo ta tsaya kusa da ni da kwanon shinkafar a hannu, muka yi ta kallon rufin motar tare.