Jan Ƙyalle a Kujerar Baba

Tun kafin su hau jirgi Inna ta ja Auta gefe ta damƙa masa amanar cikin ubansa. Ban da yaji, ban da maiƙo, ban da tumatir da kofi. Ya ci kaɗan-kaɗan, kuma kada ya kwanta da abinci a ciki. Ƙwannafi ne ya kwantar da Baba a asibiti bara, har da aman jini, likita ya ce in abin ya dawo sai an yi aiki. Auta ya ce to. Shi dama ba mai yawan magana ba ne.

Ƙungiyar teloli ce ta shirya tafiyar. Doguwar mota guda, gari bayan gari, da wata jagora mai ɗaga ƙaramar tuta kada a ɓata. Sauran ganin duniya suka zo yi da sayen yadi. Baba kuwa abu ɗaya ya kawo shi. Ranar ƙarshe za a kai su masana'antar da ta ƙera kekensa na ɗinki, baƙin ƙarfen nan da ya ciyar da gidansu tun kafin a haifi Auta.

Ranar farko Auta ya samu jagorar ya yi mata bayanin ciwon. Mace ce mai riƙe aiki da gaske. Ta ce duk mai abinci na daban ana ɗaura wa kujerarsa jan ƙyalle don kada masu rabo su yi kuskure. Ta ƙara da cewa wanda duk ya tashi ba lafiya ba ya shiga mota, a otal zai wuni.

Daga nan duk inda suka sauka ƙyallen ya riga su. Ana zama za a fara kawo farantin Baba: farar shinkafa, dafaffen dankali, ayaba ɗaya a gefe. Dogo, wanda suka koyi sana'a tare da Baba tun suna samari, shi ya fara.

"Auta, ka manto wa jaririn naka bulumboti ne?"

Aka yi dariya. Baba ma ya yi, iya leɓe. Washegari sunan ya bi teburi, har yaran da Baba ya koya wa riƙon almakashi suna sunkuyar da kai suna murmushi. Auta yana gani. Ya ga yadda uban ya koma zuwa teburi a makare, yana tura shinkafar gefe da cokali, yana tashi kafin kowa. Ciwon dai ya lafa. Amma Baba ya daina yi masa magana, in ban da tambayar makullin ɗaki.

Ana jibi za su koma gida, wasu masu sayar da yadi suka shirya musu liyafar rana. Aka jera nama cikin jar miya, mai yana yawo a sama, ƙamshin barkono har ƙofa. Baba ya tsaya bayan kujerarsa. Ya kwance ƙyallen a hankali, ya ninke shi baki da baki kamar aikin mai kaya, ya sa a aljihu. Sannan ya zauna ya jawo kwanon naman.

Auta ya kai hannu ya taɓa gwiwarsa ta ƙarƙashin teburi.

"Ni na haife ka," in ji Baba, bai ko dube shi ba.

Ya ci. Ya ƙara. Aka kawo kofi ya sha. Dogo ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, ya ga fuskar Auta, ya mayar da ita ciki.

Da gari ya waye Auta ya tarar da shi zaune a kujerar ɗakin, matashin kai a bayansa, gadon ko lotsawa bai yi ba. Idanunsa sun faɗa. Yana dafe da ƙirji yana haɗiyar yawu da ƙyar. Auta ya shiga banɗaki ya duba wurin wanke hannu, ya duba tawul. Babu jini. Ya fito ya miƙa masa magani da ruwa. Baba ya karɓa ya sha, ya sa hularsa, ya goge takalmi da gefen hannu.

Jagorar tana tsaye a ƙofar mota tana duban fuskoki. Da ta ga Baba sai ta sauke tutarta. Ba shi ta tambaya ba, Auta ta tambaya, ko tsohon ya kwana lafiya.

Auta ya tuna hannun Inna a kafaɗarsa. Ya tuna farin zanen asibiti. Baba yana tsaye kusa da shi yana kallon tayar mota, bai roƙa ba, kuma Auta ya san ba zai roƙa ba.

"Bai yi barci sosai ba," ya ce. "Amma zai iya. Ina tare da shi."

Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta matsa.

Masana'antar ba ta yi kama da abin da Baba ya shekara yana ba su labari ba. Farare ne kekunan yanzu, na lantarki, ba su da feda. Sai can ƙarshen zaure, kan wani teburin katako, aka ajiye tsoho guda don baƙi. Baƙi wuluk, da zanen ruwan zinare a wuya. Baba ya tsaya a gabansa. Ya ɗora tafin hannu kan tayar da ke juya keken ya murza kaɗan, allurar ta sauka ta hau, da sautin da Auta ya tashi yana ji ta bangon ɗaki. Dogo ya zo ya tsaya a gefensa, ya cire hula.

A hanyar dawowa aka tsaya cin abinci. Masu rabo suna ta neman kujera mai alama ba su gani ba. Baba ya sa hannu a aljihu ya zaro ƙyallen, ya ɗaura da kansa, ƙulli mai kyau irin na tela.

"Auta," ya ce, muryar a dishe, "kada ka gaya wa uwarka."

Auta ya miƙa hannu. Ya ɓare ayabar ya ajiye masa a gefen faranti.