Hajar da Ba Ta Kwana a Sito

Da babban yatsan da ya tsufa yana murza ƙwayar hatsi, Gagarau ya shafa fuskar wayar kamar mai neman danshi. Lambobi ne jere, kore da ja, shi kuwa ko sunansa bai iya karantawa ba, bai kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Mutumin da gobara ta lashe wa rumfa ya miƙe, fari ya kwashe tsararrakinsa 'yan kasuwar hatsi ya bar shi tsaye, 'yan baƙaƙe ne za su razana shi?

Sitonsa na ƙarshe ya sayar, ƙarfin ɗaukar buhu ya ƙare. Da kuɗin zai shiga kasuwar cikin waya, don kada ya ƙare a ɗakin baya na gidan suruki. 'Yarsa, malamar asibiti, ita ta nemo masa shafin cinikin hannun jarin wani kamfani.

"Baba, ba hannun jarin kansa kake saya ba. Izini ne, na a sayar maka da shi a wannan farashi ko da ya tashi. Ga tayin masu saye, ga kuɗin da masu sayarwa suka sa."

"Tayi da sallamawa? Tun kina zanen goyo nake yinsu."

"Saura layin ƙarshe, na wa'adi..."

"Ke, yaushe ƙwai ya fara yi wa kaza wayo? Danna kawai."

Ta dubi mijinta da ke zaune yana jinsu, ta danna.

Da farashi ya ɗan motsa ta kira shi. "Baba, mu sayar, lokaci yana..."

"Wawa ne ke sayar da hatsi da kaka. Ajiya ce ta yi ni." Ya kashe wayar. Da ta sake tayar da zancen, ya rantse in ta ƙara sai ya daina taka gidanta.

Farashi ya faɗi, ya daɗe a ƙasa, Gagarau ko gezau. Ran nan telan da ke maƙwabtaka da shi ya ce ya ji a rediyo jarin kamfanin nan ya yi tashin gwauron zabi. Ya sa rigarsa ta fita unguwa, ya nufi gidan 'yarsa.

"Buɗe sito, uwata, yau ranar awo ce!"

Ta buɗe, ta miƙa masa wayar. Shafin fayau, sai layin ƙarshe kawai.

"Wa'adinsa ya cika tun watan jiya, Baba. Izinin mutuwa yake yi."

"Ko ƙwari suka ci hatsi, ai suna barin dusa."

"Wannan ba ya bari."

Ta bayan kafaɗarta ya hango ƙofar ɗakin baya a buɗe. An share, an shimfiɗa sabuwar tabarma, ba yau ba.

"Amma dai ya tashi?"

"Ya tashi, Baba."

"Ai na faɗa."

Ya zauna a bakin kujera, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Can ya tura mata wayar.

"Layin nan na ƙarshe. Karanta mini in ji."