Tallar da Ta Ƙi Karantawa

Jar fitilar ɗakin watsa shirye-shirye ta kama, takardar talla na gaban Anti Lafiya, kamar yadda masu sauraron rediyo ke kiranta. Ta bayan gilashi Manaja yana yi mata nuni da yatsa ta fara. A gefensa mai maganin da za a yi wa tallar ya hakimce cikin farar rigar likita wadda ko ƙofar asibiti ba ta taɓa gani ba.

Ta sake duba layin farko: "Ruwan Gyaran Gado, cokali biyu safe da yamma, ya goge sikila daga jini. A jefar da ƙwayoyin asibiti."

Shekara ashirin tana jinyar ƙaninta Auta. Ta san yadda yake cizon filo in ciwon ya kama masa ƙashi. Ta kife takardar.

"Jama'a, an ba ni talla, ba zan karanta ba. Ga yadda abin yake. Kowannenmu akwai rubutu a cikin ƙwayoyin halittarsa, rabi daga uwa, rabi daga uba. Mai sikila harafi ɗaya ne ya kauce masa ta ɓangarorin biyu, shi ya sa ƙwayoyin jininsa ke lanƙwashewa su toshe jijiya. Gaskiya ne likitoci sun fara gyara rubutun nan. Amma sai an ɗebo ƙwayoyin ɓargo masu samar da jini, a gyara su a ɗakin bincike, a share tsofaffin da magani mai ƙarfi, sannan a mayar masa. Makonni yake yi a kwance, gashi ya zube. Asibitoci ƙalilan ke yi a duniya. Ba a kwalba yake ba. Don Allah kada wata uwa ta daina..."

Fitilar ta mutu. Kiɗa ya maye muryarta.

*

"Ke likita ce?" Manaja ya daka mata tsawa a ofishinsa.

"A'a, ranka ya daɗe. Shi ma haka." Ta nuna mai maganin.

Mai maganin ya yi murmushi. "Haba 'yata, waɗanda suka warke sun fi ɗari."

"To Baba, kawo mini gwajin jinin mutum ɗaya, kafin ya sha da bayan ya sha. Ɗaya tak. In karanta maka tallar, har waƙa in haɗa maka kyauta."

Ya shiga gyaran wuyan riga.

"Gobe ki ba shi haƙuri a cikin shiri," in ji Manaja, "ko ki ajiye mana katinmu na aiki."

Aikin nan shi ne rufin asirin gidansu. Duk da haka ta zare katin daga wuyanta ta ɗora a tebur.

"Ga katinku. Bakin dai nawa ne."

*

Bayan wata guda ta raka Auta asibiti ranar ganin masu sikila. A bakin ƙofa rediyon mai gadi na tashi, abokin aikinta na dā yana rangaɗa tallar cikin zaƙin murya.

Bencinan da a dā sai an matsa wa juna, yau masu zuwa sun ragu, har Auta ya samu wurin miƙe ƙafa. Anti Lafiya ta juya wajen matar da ke kusa da ita, mai goyo, ta fara yi mata bayani tun daga harafin da ya kauce.

Nas ta fito, ta fara da katunan yara. Ta kira lamba, ta sake kira, ta leƙa baranda, ba a kawo yaron ba. Ta ajiye katin a gefe, ta ɗauki na gaba.