Sau Uku Na Ce A'a

Ku yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta labari ba, na wasu kawai na iya karantawa, kuma na san da ƙarfin hali a ce yarinya 'yar shekara goma sha tara ta ɗauki biro a kan abin da bai fi ɗan yatsa tsawo ba. Amma bakina ne ya kasa ranar, shi ya sa nake gwada hannu.

Sunana Nastaran. Ƙofar hancina ta hagu a toshe take tun ina aji uku, da na faɗo daga kan lilo. Da baki nake numfashi in ina barci, in tashi maƙogwaro a bushe kamar na haɗiyi yashi. Dakta Keyhani ya leƙa da 'yar fitilarsa ya ce guringuntsin da ya raba ƙofofin biyu ne ya karkace, za a miƙe shi ta ciki, ba abin da zai canza a waje. Na ji daɗi. Hancina dogo ne, da ɗan tudu a tsakiya, kuma ni da shi ba mu taɓa faɗa ba.

Sai Amme Forug, wato Gwaggo Forug, yayar babana, ta ji labari. Ta ce ita za ta ɗauki nauyin aikin, tukuicin cin jarrabawar shiga jami'a da na yi.

"Tunda dai zai shiga ciki," ta ce muna shan shayi, ƙwayar sukari a kumatunta, "ya goge tudun nan, ya ɗan ɗaga kan. Duk 'yan matan Tehran sun yi, ke kaɗai kike yawo da dutsen Damavand a fuska."

"Amme tawa, kada ki wahalar da kanki. Na cikin ma ya isa."

"Ku ji 'yar albarka da kara!"

Laifina ne. Da muryar da nake ƙin ƙarin shinkafa na faɗa, wadda kowa ya san jira ake a sake tayi. A wajenmu sai an ƙi abu sau uku ake karɓa.

Da ta kira a waya na kawo uzuri. Na ce in an taɓa ƙashi sai na yi makonni ban sa tabarau ba, ga karatu ya kusa. Washegari ta aiko mini da gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido, kwali biyu. Baba ya ce zai yi mata magana. Na yarda, duk da na san bai taɓa kai ƙarshen jimla a gaban yayarsa ba.

Ranar Asabar da safe ita ta kai ni, don a wajenmu ranar aiki ce, Baba da Mama suna wajen aiki, sai na farfaɗo za su zo. Asibitin yana hawa na huɗu a wani gini kusa da dandalin Vanak. Cikina babu komai tun jiya. Aka ba ni ɗaki, da shuɗiyar riga mai ɗaurin baya, na rataye doguwar rigata da ɗankwali a cikin kabad.

Nas ɗin, Hanum Sabeti, wato Malama Sabeti, ta shigo da takarda. "Sa hannu nan, da nan."

Na gyara tabarau na fara daga sama.

"Au, karantawa za ki yi? Shekarata goma sha ɗaya a nan, ke ce ta biyu. Na farkon lauya ne."

Layin farko, miƙe guringuntsi. Layi na biyu, gyaran siffar waje: goge tudu, tsaga ƙashi a matse shi, ɗaga kan hanci. An yi masa alama da biro.

"Hanum, ina ganin akwai ɗan kuskure."

"Ba kuskure," Amme ta ce daga kan kujera. "Kin ɓata mini shiri, so na yi sai an cire filasta ki gani. Wannan karatun naki!"

Kafin in haɗa amsa Dakta Keyhani ya shigo da biro mai ruwan shuɗi-shuɗi. Ya kama haɓata, ya juya ni wajen taga, ya fara zane. Na ji sanyin bakin biron yana sauka a kan tudun, layi ɗaya, sannan biyu a gefe.

"Wane iri muke so? Kamar na haihuwa, ko na 'yar tsana?"

"Tsaka-tsaki, Dakta," in ji Amme. "A dai gane an yi."

"Dakta, ku gafarce ni." Muryata ta fito 'yar siririya. "Ni numfashi kawai nake so."

Bai kalle ni ba, Amme ya kalla.

"Nauyina take ji," ta ce masa ƙasa-ƙasa. "Gani take ya yi mini yawa."

"Tarbiyya ke nan," ya ce, yana ci gaba da zane. "'Yan matan yanzu da hoto suke zuwa a waya, su ce ko wannan ko babu."

Na damƙe bakin gado. Na nemi kalma ɗaya wadda ba ta da ado, wadda ba a fara ta da godiya. A littafi na gan ta sau dubu.

"A'a. Da gaske nake. Ba na so."

Biron ya tsaya. Hanum Sabeti ta ɗago. Na ɗauka shi ke nan, an ji.

Sai Amme ta yi dariya, ta tafa. "Sau uku ke nan! Kin sauke farali, 'yata, ba wanda zai ce kin yi zalama. Yanzu sai ki ce na gode."

Ta taso ta zauna kusa da ni. Dariyar ta tafi. Ta ɗora yatsa a kan nata hancin, irin nawa ne sak, har tudun.

"Shekara hamsin da takwas ina ɗauke da shi. Ranar aurena mai hoto cewa ya yi kada amarya ta juya gefe, a gaban dangin miji, suka kwashe da dariya. Ba wanda ya ce zai yi mini. Ke ga shi ina yi miki." Idonta ya cika. "Ko hannuna ne ba kya so?"

Ta sa mini biro a hannu ta rufe yatsuna a kai. Mutum uku suna kallona. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma na sa hannu. Wuri biyu.

"Madalla," Dakta ya ce. "Minti goma. Za a sa miki allura a hannu, ki ƙirga zuwa biyar, ki farka wata daban."

Ya fita. Hanum Sabeti ta zare mini tabarau ta miƙa wa Amme, Amme ta jefa a jakarta, ta ja zif. Ɗakin ya narke, fari da shuɗi kawai.

"Bari in ɗauko allurar," nas ɗin ta ce. "Kada ki motsa, kada ki taɓa zanen."

Amme ta sumbaci goshina. Ta zaro wani kwalin kayan zaƙi daga leda. "Bari in raba wa ma'aikata, su kula mini da ke." Ita ma ta fita, jakar a kafaɗarta.

Suka bar ni zaune a kan gado. Na tsara abin da zan ce in sun dawo. Na faɗa a fili, ni kaɗai, kuma har a kunnena ya yi kama da kara. In na ce a'a ta huɗu za su yi murmushi, allurar ta shiga ina tsakiyar bayani. In na tafi, takardar tana nan da sa hannuna, hancin zai zauna a toshe, wataƙila Amme ba za ta sake taka gidanmu ba, Baba ne kuma zai sha maganar.

A ɗakin kusa na ji ƙarar keken magani.

Na lallaba zuwa kabad. Na zura doguwar rigata a kan ta asibiti, maɓallan suka ƙi shiga, na bar biyu a buɗe. Na ɗaura ɗankwali na ja gefensa ya rufe zanen. Takalmi ƙafa ɗaya sai da na laluba shi a ƙarƙashin gado.

Na buɗe ƙofa kaɗan. A ƙarshen baranda, wajen teburin karɓar baƙi, na hango inuwowi sun taru. Muryar Amme ta fi ta kowa.

"Ɗauki mana, Hanum."

"Na gode, na ƙoshi."

"Haba, ɗauki biyu!"

Lif yana daidai gabansu. Ƙofar matattakala tana bayansu, taku shida. Na bi jikin bango, hannu ɗaya a kan fenti, na wuce kusa da bayan Amme har na ji ƙamshin turarenta. Na tura ƙofar, na riƙe ta har ta koma ba ƙara, na fara sauka ina laluben ƙarfen gefe.